Likitan Itace da 'Yan Uwanmu Masu Gatari



Akwai wata sana'a da mutanenmu da dama suke cin abinci da ita a nan ƙasar Yarbawa, amma ban taɓa jin an zauna an yi maganarta a matsayin sana'a ba, wato sarar itace da rage rassa. Duk garin da ka shiga, ko nan Ibadan ne, ko Ikko, ko Shagamu, ko Abekuta, da wuya ka yini ba ka ga Bahaushe saɓe da gatari ba, da adda a hannu, da 'yar igiya a naɗe a kafaɗa. Da zarar watan Maris ya kama, ruwan farko ya fara zuwa da iskar nan mai yaye kwano, sai masu gidaje su tuna da mangwaron da ya yi wa rufinsu rumfa. Wa za a kira? Aboki. Shi ne mai araha, shi ne ba ya cewa ba zai iya ba, kuma shi ne idan ya faɗo babu wanda zai kai ƙara.

Ni ɗan mai goro ne, a Sabo aka haife ni, kuma karatuna bai wuce sakandare ba. Amma zaman shagon mahaifina ya sa na san waɗannan samari fuska da fuska, domin da yawansu a ƙofar gidanmu suke kwana idan sun zo ci-rani. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda ake wannan aiki a ƙasashen da suka mai da shi sana'a mai makaranta da doka. Abin da na taras shi ne, galibin ƙa'idojin da suke tsare ran ma'aikacinsu ba kuɗi ne ke sayensu ba, sani ne kawai da kuma yarda a bi.

A Ingila sunan da suke kiran mai wannan aiki, idan aka fassara shi, yana nufin likitan tiyatar itace. Mai karatu kada ya yi dariya. Wani mutum mai suna John Davey, haifaffen Ingila da ya yi ƙaura zuwa Amurka, shi ya kafa kamfanin kula da itatuwa a jihar Ohayo a 1880, kuma a 1901 ya fitar da littafi a kan jinyar itace. Abin mamaki ma, shi kansa injin zarton asalinsa daga hannun likitocin mutane ya fito. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu likitoci biyu 'yan Sikotilan suka ƙera 'yar sarƙa mai haƙora don yankan ƙashi. Sai a 1926 wani Bajamushe, Andreas Stihl, ya fito da injin zarto mai aiki da lantarki, a 1927 kuma Emil Lerp ya fito da mai shan fetur. Injinan farko mutum biyu ke riƙe su saboda nauyi. A 1947 wani Ba'amurke mai aikin daji, Joseph Cox, ya lura da yadda tsutsar ƙwaro ke gwaguyar itace hagu da dama, ya kwaikwayi bakinta ya ƙera irin haƙoran sarƙar da ake amfani da su har yau. Na kawo wannan tarihi ne don mu gane cewa abin da aka fara ƙerawa don yankan ƙashin ɗan Adam bai manta aikinsa na fari ba.

Sarƙar injin zarto tana gudun da ya kai mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 72 a awa, gudun motar haya ke nan a kan babban titi. Babban haɗarinta shi ne abin da zan kira harbin inji. Idan sashen sama na ƙarshen hancin injin ya taɓa reshe ko wani abu mai tauri, sai injin ya yi tsalle ya dawo kan fuska ko wuyan mai riƙe da shi, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu gwanin da hannunsa ya kai wannan sauri. Shi ya sa tun shekarun 1970 kamfanoni suka fara sa wa injin birki, wata mariƙa ce a gaban hannun hagu, wadda da injin ya yi harbi sai ta tsayar da sarƙar nan take. Daga nan kuma sauran ƙa'idojin suka fito: a riƙe inji da hannu biyu, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba; kada a yi yanka da ƙarshen hanci; kada a ɗaga inji sama da kafaɗa; a tayar da shi a ƙasa an taka shi da ƙafa, ba a wurga shi da hannu ɗaya ana fizgar igiya da ɗaya ba. Sarƙa kuma ta zama mai kaifi. Alamar mai kaifi ita ce ta riƙa zubar da ɓarɓashi manya-manya. Idan ka ga gari kamar na tuwo yana fita, to ta dakushe, mai ita zai riƙa dannawa da ƙarfi, kuma daga dannawa ake samun tsautsayi.

Injin da aka fi gani a hannun masu aikin katako a nan Kurmi shi ne babban nan Stihl 070 da ire-irensa, har da na jabu da suka cika kasuwa. Nauyinsa ya kai kilo 15, an yi shi ne don kayar da manyan itatuwan daji da tsaga katako a ƙasa. Da idona na ga an ɗaura masa igiya an ja shi sama an miƙa wa mutum yana zaune a kan reshe. Alhali injin da likitan itace ke hawa da shi ɗan ƙarami ne, kilo 3 zuwa 4, kuma ko shi ɗin a Ingila ba a yarda kowa ya yi aiki da shi ba sai wanda ya yi horon yanka a sama. Reshen da bai kai kaurin damtse ba kuwa, ƙaramin zarton hannu suke sa masa, ba sa tayar da inji sam.

Sai tufafi. Wandon mai injin zarto ba wandon banza ba ne. A cikinsa akwai zaruruwa dogaye masu ƙarfi jere bisa jere; da sarƙa ta yaga wandon sai ta jawo zaruruwan su cushe gargaren da ke juya ta, injin ya tsaya kafin ya kai ƙashi. Har daraja-daraja aka yi musu a Turai bisa gudun sarƙar da za su iya tsayarwa: mai lamba 1 mita 20 a daƙiƙa, mai lamba 2 mita 24, mai lamba 3 mita 28. Na mai aiki a ƙasa gaban ƙafa kawai yake karewa, na mai hawa kuwa gaba da baya. Ga hular kwano mai maɗaurin haɓa, ga tabarau ko ragar fuska, ga takalmi mai ƙarfe a baki, ga abin toshe kunne, domin ƙarar injin ta wuce ma'aunin desibel 100, alhali daga 85 ake fara lalata ji idan aka daɗe. Duk wanda ya san tsofaffin masu inji ya san sai ka ɗaga murya suke jin ka. Gaskiya ne wandon nan yana da zafi, kuma zafin Ibadan a watan Maris ba wasa ba ne. Amma gumi ana share shi da hannu. Namu kuwa silifas ne da riga mai faɗin hannu, wadda ita kanta sarƙa na iya kamawa.

Wajen hawa nan ne bambancin ya fi fitowa. Likitan itace yana sa ɗamara ta musamman wadda ta kama ƙugu da cinyoyi, yadda idan ya suɓuce zai rataya kamar mai zaune a kujera. Tun yana ƙasa yake jefa siririn zare mai 'yar jaka a baki ya tsallake wani reshe mai ƙwari can sama, ya ja babbar igiya ta bi, ya gwada ta da nauyinsa kafin ƙafarsa ta bar ƙasa. Yana hawa da wani ƙulli da ke zamewa idan ka tura shi da hannu, ya kuma cije igiya idan nauyi ya hau kansa. Wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya, Karl Prusik, ya bayyana shi a 1931, kuma sunansa ƙullin ke ɗauke da shi. Ƙugiyoyinsa masu kulle kansu ne, kowace tana ɗaukar nauyin da ya haura tan 2. Babbar ƙa'ida kuma ita ce, ba a tayar da inji a sama sai mutum yana ɗaure ta wuri biyu, don idan sarƙa ta yanke igiya ɗaya, ɗayar ta riƙe shi. Igiyar da ake sauke reshe da ita daban, wadda ran mutum ke rataye a kanta daban, ba a haɗa su. A Ingila wata doka ta 1998 ta wajabta cewa duk wata 6 sai wani masani ya duba kayan hawa ɗaya bayan ɗaya ya rubuta, ban da dubawar da mai su zai yi kullum kafin ya hau.

Kada a ce wannan dabarar Bature ce kaɗai. Maƙwabtanmu Yarbawa masu hawan kwakwar manja suna da igiyar hawansu da suke kira igba, kuma ka tsaya ka ga yadda mai ita yake shafa ta yana duba ta kafin ya jingina bayansa. Ya san ita ce tsakaninsa da kabari. Namu kuwa, in ma an ɗaura, igiyar ɗaurin kaya ce ta leda da rana ta gama cinyewa, a zarga ta a ciki. Wanda ya faɗo da irin wannan ɗauri, igiyar da kanta za ta matse masa haƙarƙari ta hana shi numfashi.

Akwai wani yaro ɗan ƙasar Sakkwato da ya yi damina biyu yana kwana a ƙofar gidanmu. Bai fi ni shekaru ba, ga fara'a, ga ƙarfi, kuɗin aure yake tarawa. Wata safiya ya gaida mahaifina zai fita, ya ce an ba shi aikin rage wani mangwaro a wata unguwa. Mahaifina ya ce, "Kai da wa za ku?" Ya ce, "Ni kaɗai ne, Baba, ai ba shi da yawa. In na ɗauki wani sai mun raba kuɗin." Mahaifina ya ce, "To, Allah ya tsare, ka bi a hankali, ɗana." Ya jingina tsani, ya hau, ya kama saran wani babban reshe daga sama. Da reshen ya kusa rabuwa sai ya tsage, gindinsa ya dawo ya doki tsanin. Masu gidan sun fita aiki. Ya fi awa guda a kwance kafin wata mai talla ta ji nishinsa, waɗanda suka taru kuma don tausayi suka ciccibe shi hannu da ƙafa suka cusa a Keke. A asibiti aka ce ƙashin baya ne. Kuɗin aikin da ya ƙi rabawa bai kai na hoton ƙashi guda ba. An yi karo-karo a masallaci har Juma'a uku, daga ƙarshe aka sa shi a mota a kwance aka mai da shi gida. Har yau ba ya takawa.

Idan mai karatu ya duba wannan labari, zai ga wurare huɗu da ƙa'idar likitan itace za ta tare shi, kuma babu wadda take buƙatar kayan Turai. Na farko, ba a wannan aiki mutum ɗaya. A Ingila tilas a sami na biyu a ƙasa, wanda shi ma ya iya hawa ya sauko da ɗan uwansa idan ya ji rauni. Na biyu, tsani abin hawa ne, ba wurin tsayawa a yi sara ba. Na uku, babban reshe yanka uku ake yi masa: a fara ɗan shiga ta ƙasa nesa kaɗan da jikin itacen, sannan a yanka ta sama gaba da wannan kaɗan, reshen ya ɓalle ba tare da ya tsage ba, sannan a dawo a cire guntun da ya rage. In reshen ya yi nauyi, gunduwa-gunduwa ake rage shi tun daga ƙarshe. Na huɗu, wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibarsa. A bar shi yadda yake, a riƙe kansa da wuyansa kada su motsa, in ya zama dole a ɗauke shi to a kan allo ko ƙyauren ƙofa. In kuma jini ne ke zuba, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi kada a saki.

Su ma Turawan ba da waɗannan ƙa'idoji aka haife su ba. A Amurka wata mata ce mai suna Ethel Hugg, daga jihar Niyok, ɗanta ya mutu wajen aikin rage rassa. Maimakon ta yi kuka ta share hawaye, sai ta dinga rubuta wa hukumomi wasiƙu, har aka kafa kwamiti a 1968, kuma a 1972 aka amince da kundin ƙa'idojin da ake kira Z133, wanda har yau ake sabunta shi ana aiki da shi. A Ingila ma sai a 2005 aka yi dokar aiki a wuri mai tsawo, wadda farkon abin da take cewa shi ne, in ana iya yin aikin daga ƙasa to kada a hau. Kowane layi a cikin waɗannan kundaye wani ne ya biya shi da ransa ko da ƙafarsa. Mu kuwa mun sha biya, amma ba mu karɓi kayan ba.

Wayar wuta ita ma sai na yi maganarta, domin a nan Kurmi itace da waya kamar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Wayoyin da ke bin saman fal-waya a unguwanni akwai masu ɗauke da balti 11,000, akwai masu 33,000. Irin wannan wuta ba sai ka taɓa ta ba, tana iya tsallakowa idan ka matsa kusa, kuma ɗanyen reshe yana ɗaukar ta ya kawo maka har hannu. Ƙa'idar Amurka ita ce wanda ba shi da horon aiki kusa da waya kada shi ko kayan aikinsa su kusance ta da ƙasa da ƙafa 10, kimanin mita 3 ke nan. Abin da ke yaudarar mutanenmu shi ne a ce "ai NEPA sun ɗauke wuta." Wanda ya ɗauke bai yi maka alkawarin lokacin da zai dawo da ita ba. Itacen da ya shiga waya, a je ofishin masu wuta su kashe layin su tabbatar, in ba haka ba a bar aikin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haka wajen kayar da itace gaba ɗaya. Ana fara cire baki ta ɓangaren da ake so ya faɗi, sannan a yanko ta baya a bar ɗan tsakani bai rabu ba, shi ne zai riƙe itacen ya bi da shi kamar yadda ƙyaure ke juyawa a jikin ƙofa. Kafin a fara, mai yanka ya share hanyar gudunsa ta baya a karkace, kuma kowa ya ja da baya tsawon itacen sau biyu. Mu kuwa yara ne ke zagaye wurin suna kallo, mata na jiran itacen girki.

Shi ma itacen yana da hakki a nan. Wani masani Ba'amurke, Alex Shigo, ya nuna cewa itace ba ya warkewa irin na fatar mutum, killace ruɓa yake yi ya yi sabon nama a kanta. A gindin kowane reshe akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga. In aka yanka daidai bayansa, bakin zai rufe da kansa, in aka shafe shi tare da jikin itacen ko aka bar dogon kututture, ruɓa ta sami ƙofa. Shafa fenti a bakin yanka ba ya hana komai. Gundule kan itace gaba ɗaya kuwa, kamar yadda ake yi wa malaina da dogon yaro, sababbin rassan da za su fito ba su da ƙwarin kamu, su ne iska za ta karya bayan 'yan shekaru. Wanda ya san wannan ya iya yi wa mai gida bayani, ya fi ƙarfin a kira shi lebura, kuma kuɗinsa ba zai zama ɗaya da na mai sara kawai ba.

Na san abin da wasu za su ce: ajali in ya yi kira ko a kan tabarma sai ya ɗauka. Haka ne, babu mai ja. Amma mahaifina da ya fi ni sanin wannan, bai taɓa loda goro zuwa Arewa ba tare da ya duba ganyen da aka naɗe shi da ɗaurin huhun ba, kuma bai taɓa ganin hakan ya rage masa tawakkali ba. In huhun goro ya cancanci a duba igiyarsa, ina ga ɗan mutum?

Wasu kuma za su ce kuɗi. Wannan ita ce magana mai nauyi, domin cikakkun kayan hawa na gaske sun fi ƙarfin ɗan ci-rani. Amma mu ba baƙin haɗa kai ba ne. Sabon Ibadan tun 1916 take, kuma abin da ya riƙe ta shi ne tsari: mai gida yana tsaya wa baƙonsa, mahauta da sarkinsu, 'yan goro da shugabanninsu, masu shanu da nasu. Me zai hana masu gatari su sami nasu shugaban a ƙarƙashin Sarkin Hausawa? Mutum goma in suka yi adashi za su iya mallakar ɗamara biyu, da igiyoyi na kirki, da huluna, su riƙa karɓa-karɓa. Su tsayar da farashi yadda aikin mutum biyu zai biya mutum biyu, kada wani ya zagaya ya karya. Ga Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa da kwalejinta nan a Jericho, cikin garin nan. Shugabanninmu su je su nemi a koya wa samarinmu riƙon inji da kayar da itace, ko na 'yan kwanaki ne. Kuɗin da muke tarawa a masallaci bayan an faɗo, da rabinsa aka tara kafin a hau, da wani yana tafiya da ƙafarsa yau.

Iyayenmu masu gidaje da ke saukar da baƙi, don Allah in yaro ya ce zai tafi aikin itace a tambaye shi abu uku: kai da wa, da wace igiya, kuma akwai waya a kusa? In amsar ba ta yi ba, a hana shi, ko da zai ji haushi. Mu kuma da Allah ya ba mu ɗan karatu, yawancin waɗanda na yi wannan rubutu dominsu ba za su gan shi ba. Wanda ya karanta ya daure ya faɗa musu da baki, a wajen mai shayi ko bayan sallar isha'i.

Allah ya tsare mana 'yan uwanmu a duk inda suke neman halal, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya mai da kowa gida lafiya. Sai mun sake haɗuwa.

Naku,
daga Sabo, Ibadan.